Ɗan Farin Sarkina

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, da damina, santsi ya ɗebe ni a lungunmu na Dukawuya, na karye a ƙafar hagu. Aka ɗaure ƙafar, likita ya ce wata biyu ba taka ƙasa. Ni da na shafe shekara talatin ina koyar da tarihi a tsaye, ina daka wa 'yan mata tsawa, sai ga ni a kan katifa a falo ina jiran a miƙo mini buta. Raina ya ɓaci, kuma kowa a gidan sai da ya ɗanɗana.

'Ya'yana huɗu ne. Ukun ƙasa in sun zo dubiya sai su baje a gefena, a yi hira, a yi tsiya. Babban kuwa, ɗan farina, a bakin ƙofa yake tsugunawa. Ya ce, "Yaya, ya jiki?" In ce, "Da sauƙi," ina kallon bango. Shi ke nan mun gama. Yaya yake ce mini, don tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa gidanmu na Ƙofar Wambai, ya tashi cikin ƙannena, abin da ya ji suna kirana da shi ya kama. Ni kuma ban taɓa faɗar sunansa ba. Haka muka taras: uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna kulawa a kansa a gaban mutane. Ba wanda ya ga aibin haka, har da ni.

A lokacin shekarunsa talatin da biyu, yana da mata, kuma ya sami aiki a Legas, za su tashi nan da wata biyu. Abin yana cina a rai. Yana nan kusa ma magana biyu ke haɗa mu, ina ga ya yi nisa? Na san in ya tafi a haka, sai dai gaisuwar Sallah a waya. Amma ban san ta inda zan fara ba.

Wata ranar Asabar bayan la'asar ya shigo da kwamfuta a hammata. Ya ajiye ta a kan ɗan teburin da ke gabana, ya ce wa teburin, ba ni ba, "Akwai wani wasa na sarautar zamanin da. Na ga kamar zai rage miki zama." Na ce ni na yi kama da mai wasan yara? Ya kunna, ya fita.

Da ba kowa sai na jawo ta. Taswira ce ta cika allon, daga ƙasashen Turawa har zuwa nan wajenmu, an yayyanka ta ƙanana ƙanana, kowane yanki da mai mulkinsa. Na danna wani wuri, rubutu ya fito. Na danna rubutun, wani ya fito a kansa. Kafin magariba na ƙaddamar da yaƙi a kan wani sarki da ban san laifinsa ba, an cinye ni, an kuma jefa ni a kurkuku. Washegari na aika a kira mini ɗana. Na ce, "Kai, zo ka gyara wannan shirmen."

Dole ta sa ya wuce bakin ƙofa. Ya zauna a ƙasa kusa da katifar, ya zaɓar mini wani ɗan ƙaramin sarki mai gari uku, ya fara bayani. Ba ƙasa nake wasa da ita ba, in ji shi, zuri'a ce. In sarkina ya mutu, sai in koma magajinsa in ci gaba. Ga waziri, ga ma'aji, ga mai leƙen asiri. A ƙasan fuskar kowane mutum akwai lamba: in koriya ce yana sona, in ja ce sai in yi hattara da abincin da zai kawo mini. Na ce da makarantar da na koyar tana da irin wannan lamba, da na huta da mutane da yawa. Ya yi dariya. Ban taɓa jin dariyarsa kusa haka ba.

Sai na lura da wani abu. Tunda dukanmu allon muke kallo, ba mai kallon wani, magana tana fita ba tare da nauyi ba. Kullum bayan la'asar sai ya biyo daga aiki, mu zauna har a kira magariba.

Na sha wuya kafin hannuna ya faɗa. Duk saƙon da ya fito sai na tsayar da wasan na karanta shi daga farko har ƙarshe kamar ina duba takardar jarrabawa, har nakan gyara musu tarihi da baki. Duk bafaden da ya yi aure ko aka yi masa haihuwa sai na aika masa gudummawa, baitulmali ya ƙare ƙarƙaf, sojoji suka watse. Ya ce, "Yaya, nan ba a biki." Na ce ina aka taɓa sarauta ba biki? Na kuma aurar da 'ya'yan gidan duk a junansu, tuwona maina, sai ga jikoki suna fitowa da ciwo iri iri. Sannu a hankali dai na gane. Na koyi ƙulla aure da maƙwabci mai ƙarfi, na koyi jira har abokin gaba ya shiga wani yaƙin kafin in taɓa shi. Gari uku suka zama tara. Ranar da na ci na taran, da ƙafata lafiya da na taka rawa.

Tun a makon farko aka haifa wa sarkina ɗa namiji, na fari. Wasan ya tambaye ni wa zai rene shi. Ban ko tsaya tunani ba na tura shi gidan wan sarki, can wani gari. Da aka haifi na biyu da na uku, su na riƙe da kaina, na zaɓar musu malamai, da suka girma na ba kowannensu gari. Na farin kuwa ko fuskarsa ban taɓa dannawa ba. Ban yi da wata manufa ba, hannuna ne kawai ba ya zuwa wurin.

Saura kwana tara su tashi, saƙo ya fito da jan rubutu: magajina ya haɗa kai da hakimai huɗu, suna neman tuɓe ni. Na ce, "Ka ga ɗan banza mara kunya! Ubansa zai yi wa tawaye?"

Ɗana ya kai 'yar kibiyar allon kan lambar da ke ƙasan fuskar yaron. Ja wur. Dalilai suka jeru, ya karanta mini su ɗaya bayan ɗaya da Hausa, kamar daga bakin yaron. Bai rene ni ba. Ya ba ƙannena gari, ni bai ba ni ba. Bai taɓa sa ni a majalisa ba.

Na ce, "To ai ɗan fari ne. Shi ne zai gaji komai. Sai an yi ta nunawa?"

 Ya ce, a hankali, idonsa a kan allo, "Shi bai sani ba, Yaya. Abin da aka yi masa kawai ya gani."

Aka kira sallah, ya tashi ya tafi. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Da fari haushi na ji, na ce yaron nan magana ya faɗa mini a fakaice. Daga baya haushin ya tafi ya bar ni da kunya, ba irin wadda na gada ba.

Da ya zo washegari na ce masa na ji ana iya mayar da wasan baya, ya mayar mini zuwa ranar da aka haifi yaron. Ya duba, ya ce ai kullum a kan ajiya ɗaya nake ajiyewa, ta baya ta goge. Sai dai a ci gaba daga nan. Na ce to me ya rage? Ya ce a ba shi gari, a kira shi majalisa, lambar za ta riƙa hawa kaɗan kaɗan, ba za ta koma koriya yau ba. Na ba yaron gari mafi girma, na cire waziri na sa shi. Tawayen ya lafa.

Sai na ji bakina yana magana, ina kallon taswira. Na ce ranar da aka yaye shi aka tafi da shi Ƙofar Wambai, da rana tsaka na saka mayafi na bi bayansu a ƙafa. Na tsaya a bayan katangar gidanmu ina jin kukansa, ban shiga ba, don kada a ce ba ni da kunya. Sati guda kullum sai na je na tsaya a wurin. Na ce duk sakamakon jarrabawarsa, tun daga aji ɗaya, ni nake karɓa a wurin ƙanwata, suna nan a ƙasan akwatina.

Ya ce, "Wallahi na zaci ba kya sona kamar su."

Na ce, "Kai na fara so. A kanka na koya."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na share fuskata da gefen zane. Can ya gyara murya, ya ce akwai maganar da ya rasa yadda zai faɗa mini: matarsa tana da ciki, wata huɗu. Sun yi shawara, in an yaye abin da aka haifa za su kawo mini, kamar yadda aka saba.

Allah ya sani na daɗe ina jiran wannan. Layina ne ya zo, yadda na mahaifiyata ya zo a kaina, kuma gidan nan ya yi mini shiru tun da yara suka watse. Na juyo daga allon na dube shi sosai, ido cikin ido.

Na ce, "A'a. Ku riƙe abinku. In ya zo, ka ɗauke shi a gaban kowa, ka kira sunansa da ƙarfi. Ni ku dinga kawo mini shi hutu."