Allurar da Aka Hana Ni

Haƙora sun zube, sunayen jikokina ma sai na yi lalube, amma ranar da aka yi wa taubashina allura aka hana ni, wannan kam ba zan manta ba.

Zamanin Turawa ne, muna samari, muna sayar da gishiri a kasuwar Kwantagora. Ƙazwa ta kama mu tare, don tabarmarmu ɗaya. Muka tafi ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya. Malamin asibiti ya duba taubashina, ya ce tasa ta yi ruwa, ya dafa allura, ya ja shi bayan labule. Ni kuwa, da na taɓa zama a elementare har na iya rubuta sunana, sai aka miƙo mini wani farin ruwa a kwalba, wai in riƙa shafawa. Kamar akuya.

Ku yaran yanzu ba ku san darajar allura ba. A lokacin, wanda aka yi wa ita daidai yake da wanda ya je Zungeru ya ga jirgin ƙasa. Taubashin nan nawa ya dawo kasuwa yana ɗingishin gangan, yana dafe da ƙugu. Wata mai nono daga Bobi, wadda na daɗe ina yi wa gyaran gishiri don ta san da zamana, ta zauna tana yi masa sannu, har da ƙarin man shanu.

"Taubashi," in ji shi, "nawa ya shiga jini. Naka fa, ya wuce fata kuwa?"

Na yi tunani irin na masu ilimi: abin da ya yi aiki a waje, a ciki ai sai ya ninka. Na juye kwalbar a kunu na shanye.

Kafin la'asar cikina ya murɗe, aka ɗauke ni ranga-ranga zuwa asibiti. Ina nishi ina murna, na ce yau dai allura ta zama dole. Malamin ya ji abin da na sha, ya yi salati, ya ɗauko wata doguwar roba da ruwan sabulu. Ba ta baki ya zura ta ba. Taubashina ne ya danne mini ƙafafu, kuma kafin magariba labari ya kai Bobi.

Shi ya auri mai nonon. Har yau ina ganin an zalunce ni, amma na koyi abu guda: kowane magani da ƙofar da aka tsara masa, in ka sauya masa ƙofa don ƙyashi, ta gaba ba kai za ka zaɓa ba.