Telen da surukina ya kawo

Ban taɓa shan wuya irin ta bara ba. Ciwon kansa ban yi kuka da shi ba, ciwo na Allah ne. Abin da ya biyo bayansa ne har yau in na tuna nake jin ɗaci a baki.

Ni direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Hanyata Agadas zuwa Iferwan, in hau da siminti da shinkafa, in sauko da albasa. Motar ta wani Alhaji ce, amma ni na san kukanta. Wata rana ina cikin ɗaurin kaya hannuna na dama ya mutu, baki ya karkace. A likita suka ce tansiyo ce, wato hawan jini. Alhaji ya zo har gida ya ce, "Ka warke tukuna. Motarka tana jiranka." Ya ɗora wani direba na wucin gadi.

Lokotoron da ya duba ni ya ce in riƙa motsa yatsu. Ina da tsohuwar na'urar wasa mai kaset, tun ina apranti, yaron mota, na saye ta a Arlit, da tsohuwar tele mai ƙatuwar ƙeya. Wasa ɗaya nake yi. Jar mota ce tana gudu a kwalta, kana kauce wa wasu motoci, can gaba hanya ta tsuke a wata gada. Da shi na riƙa awon hannuna. Farko manet ɗin ma, abin da ake riƙewa ana dannawa, faɗuwa take. A hankali na fara nisa. Ranar da na tsallake gadar ban taɓa kowa ba, na ce wa matata ta wanke mini rawani, aiki ya kusa.

Cikin kwanakin nan mijin ɗiyata ya dawo daga haƙar zinariya a Cibarakaten, Allah ya ba shi. Na dawo daga masallacin Juma'a na tarar da tele a manne da bango, faɗinta kamar ƙyaure, kaurinta bai kai tafin hannu ba. A bayanta an soke wani ɗan abu kamar akwatin ashana, wai duk tsofaffin wasanni an ɗura su ciki, har da nawa, ba ruwanka da kaset. Na tambayi ina tsohuwar telen take. Matata ta ce ta riga ta ɗora ta a mota, da ita da na'urar, an kai wa ƙaninta a Ingal.

"Yaron nan ya ji kana son wasan, shi ya sa ya yi maka," in ji ta. "Sai ka sa albarka."

Yana durƙushe a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Na juya gefe na sa albarka. Iyakar maganar da ke tsakanina da shi ke nan tun ranar da aka ɗaura aure.

Da suka watse na kunna. Wasan shi ne, kiɗan shi ne, jar motar ma ta fi kyau. Mota ta farko ta taho, na danna, tawa ta tsaya tana tunani, sannan ta kauce, ta riga ta ci karo. Na sake. Haka. Ba wani jinkiri ba ne mai yawa, ƙiftawar ido ce, amma a hanyar dutse ƙiftawar ido ita ce tsakanin kwana a gida da kwana a kwazazzabo. Ranar ko kusa da gada ban je ba.

Na yi zargin telen, ba zan ɓoye ba. Na ce wa matata abin nan yana da nauyin ji. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Maigida, sabuwa dal daga kwali? To me kake so? In aika a gaya wa mijin ɗiyarka kyautarsa ba ta da kyau? Da wane baki?"

Ba baki kam. Ko takalmi ya kawo mini ya matse ni, sawa zan yi in yi shiru. Ta ƙara da cewa, "Ko dai hannun ne?" Ta faɗe shi a hankali, ba da mugunta ba, amma nan ya zauna.

Kullum da hantsi sai in zauna in gwada, kullum jar mota ta kife. Na fara kallon hannuna kamar na aro. In na ɗauki kofin shayi sai in ga kamar yana rawa. Na tuna gangaren da ke hanyarmu, da mutanen da ke hawa saman albasa da awakinsu. Na ce ba da hannuna ba. Na tafi tasha na sami Alhaji cikin mutane na ce, "Alhaji, bar wa mutumin nan motar. Ni na gama." Ya yi ta ba ni haƙuri, amma na ga hankalinsa ya kwanta.

Bayan wani lokaci na bi ta rumfar wani abokina mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Tare muka taso. Ya jona irin ɗan akwatin nan a wata tsohuwar tele yana gwadawa.

"Kai, gurgu, zo ka riƙe mini wannan in ga ko hoto na tsayawa."

"Makaho, ka rasa wanda za ka sa sai ni?"

Na karɓa don kada ya dame ni. Na danna, mota ta kauce. Na sake, ta kauce tun yatsana bai ɗaga ba. Na wuce gada, na wuce abin da ke bayan gada. Gumi ya jiƙa mini riga. Na gaya masa yadda take yi mini a gida. Ya yi dariya har da tari.

"Ai sababbin nan amare ne. Hoto in ya shigo sai sun yi masa wanka da kwalli kafin su fito da shi. Akwai wurin da ake taɓawa a telekomand, abin kunna ta daga nesa, ta rage yangar. Don me ba ka tambayi wanda ya kawo ta ba?"

Na miƙa masa manet ɗinsa. Ya san wanda ya kawo ta.

Daga nan tasha na nufa. Na ce, "Alhaji, hannuna lafiya lau. Tele ce." Na yi bayani iyakar iyawata. Masu zama a tabarmarsa suka fara murmushi, wani ya ce, "Ashe da tele ake ba da permin tuƙi yanzu." Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai da bakinka ka ce ka gama, a gaban mutanen nan. Masu kaya duk sun ji. Wa zai ɗora maka albasarsa? Wancan kuma na riga na ba shi, yana da iyali. In ƙwace in ce masa me?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi.

A gida ban ce komai ba. In na faɗa wa matata, ɗiyata za ta ji, mijinta zai ji, mutumin da bai nufe ni da komai ba sai alheri. Telen tana nan a bango, mata suna kallon fim ɗinsu, kowa ya shigo sai ya ce Allah ya yi wa suruki albarka, ni ma in ce amin.

Washegari bayan asuba na naɗa rawanina na tafi tasha. Ana loda siminti a motar. Na sami shugaban masu lodi na ce ya sa ni cikin masu ɗauri. Ya dubi hannuna, ya miƙo mini igiya.