Gwazan Iya

A gidanmu na Mabai, gindin mangwaro, Iya kakarmu ta jera fasassun tukwane ta shuka gwazan ado. Ba a cin shi, kallo kawai. Rana ma ba ya so, sai inuwa, kamar mai shi. In an gama cin tuwo takan jawo kujerarta bakin murhu, mu kewaye ta muna ture juna.

"Ga ta nan, ku kama ta kafin garwashi ya mutu."

Wai wata mata ce gwazanta ya wayi gari da zane ruwan ɗorawa, sai ka ce an yi mashi lalle. Maƙwabta suka yi ta zuwa roƙon iri. Ita kuma ba ta iya cewa a'a. Wuƙa ɗaya ta riƙa tsaga saiwa da ita, ta yanki mai zane, ta yanki mai lafiya, tana rabo. Ashe zanen ciwo ne. Kafin kaka, gida-gida ganye ya ƙanƙance ya murɗe.

Na ce, "Iya, to ba sai ta ba shi magani ba?"

"Ke dai bakinki ba ya hutu. Wannan ba ya jin magani. A tuge, a ƙone, wuƙa ta sha wuta."

Haka kuwa Iya take yi, ba ta taɓa yankan shuka ba sai ta gasa wuƙa.

Shekarar da muka baro ƙauye muka koma cikin Ƙanƙara, Iya ta daɗe da rasuwa. Ko faifai ban ɗauko ba, sai saiwar gwazanta ɗaya ƙulle a bakin zani. Ta kama, ta yi kyau. Bana sai ga zanen nan. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Hajiya, a sam mani irin mai adon nan mana." Mijin ɗiyata, malamin gona ne, ya juya ganyen ya ce, "Mama, cutar bairos ce. Ko kin hana ta, ƙwari za su kai mata."

Kwana uku ina kewaya tukunyar. Da ina yarinya, wawiya na ɗauki matar tatsuniyar nan. Yanzu ina jin ta san komai, hannunta ne ya kasa.

Ran na huɗu na tuge, na sa a murhu, na hana maƙwabciya ko ɓalli. Tukunyar tana nan gindin darbejiya, ƙasa zalla. Har yau in na gama alwala, hannuna da kanshi yake kai mata sauran ruwan buta.