Kafintan da Biza Ta Hana Taɓa Guduma

Shekara arba'in da ɗaya Baba Kafinta ya yi a sashen gyare-gyare na wata makarantar kwana. Benci, tebur, gadon ɗalibai, duk abin da yara suka karya da safe, kafin la'asar ya tsayar da shi da ƙafafunsa. Mutum ne da ba ya iya wuce ƙusar da ta leƙo kai. Ko dubiya ya je, kafin ya tambayi jiki sai ya girgiza ƙafar gadon mara lafiyar tukuna. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, takan ce da kujera aka halicce ta da ta fi samun kulawa a gidan nan.

Da ya yi ritaya, sai autarsu ta ce su taho wurinta su huta. Ita nas ce a wani asibiti a wata ƙasa, bizar aiki ta kai ta can ita da mijinta. Ƙasar tana da biza ta musamman ta tsofaffi 'yan fansho: ka zauna shekara guda, ka sabunta, amma kai baƙo ne har kullum, kuma ba ka da izinin yin aiki.

"Baba, ka karanta layin ƙarshe da kyau kafin ka sa hannu," in ji Auta a waya.

"Na karanta. Yanzu hutu ne abin da za a ja wa mutum kunne a kai? Ko jaki ya san daɗin a sauke masa kaya."

Kwana uku ya huta a gidan Auta, a hawa na huɗu na wani bene. Ranar farko ya yi barci, ta biyu ya kalli motoci ta taga, ta uku ya yi ta kai da kawowa tsakanin falo da kicin kamar wanda ya yar da wani abu. A rana ta huɗu Auta ta dawo daga asibiti ta tarar da ƙofar banɗaki kwance a tsakiyar falo, Baba durƙushe a kanta da wuƙar yanka albasa.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kuka take yi in an buɗe ta. Ba aiki nake yi ba, lallashinta nake."

Surukinsa ya ɓoye ɗan akwatin kayan gyaran gidan a bayan mota, Baba ya koma kwance noti da gindin cokali. Kafin wata guda labari ya zaga benen. Wannan ta kawo durowar da ta ƙi rufuwa, wancan ya kawo kujerar jariri. Ba ya karɓar komai sai godiya, amma hankalin Auta ya tashi. Ta zaunar da shi ta ce, "Baba, in wani ya kai ƙara, ba taka bizar kaɗai za a duba ba, har tawa. Ni na tsaya maka."

Wannan magana ta shige shi. Daga ranar ya koma tafiya da hannuwansa a goye a baya, kamar mai tsoron kada su gudu. Ya rame, ya daina hira, abinci ma sai Inna ta yi da gaske yake ci.

To a ƙasan benen akwai wani shagon kujeru da tebura. Mai shi baƙo ne shi ma, ana ce masa Mai Jari, don da bizar masu zuba jari ya shigo. Tasa takardar ta ce dole shagon ya ci gaba da aiki, da ma'aikata huɗu 'yan ƙasa. Shi kuwa a sayar da tayoyi ya yi arziki, bai san bambancin zarto da wuƙar burodi ba. Wuni yake yi yana gyangyaɗi a bayan tebur, ma'aikatan suna ƙera kujerun da ke rawa tun ba a zauna ba.

Wata safiya Baba ya tsaya a ƙofar shagon, ya ga ɗaya daga cikinsu zai buga ƙusa a bakin katako. Ya dafe ƙirji.

"Ni ban ce komai ba," ya ce, "amma da ni ne, da na matsa ciki da yatsa biyu. Zai tsage."

Mutumin ya buga, katako ya tsage. Mai Jari ya farka, ya dubi katakon, ya dubi tsohon, ya sa aka kawo masa kujera.

Haka Baba ya samu wurin zama. Kullum bayan karin kumallo sai ya sauko, ya harɗe hannuwa, ya riƙa nuni da haɓa. "Ni ban ce komai ba, amma awon nan ƙarya yake yi." Cikin wata uku kujerun shagon suka daina rawa, masu saye suka fara layi, kumatun Baba suka dawo.

Ana haka sai ga wata jami'ar shige da fice ta zo duba shagon Mai Jari, kamar yadda ake yi duk shekara. Ta shigo daidai lokacin da haƙurin Baba ya ƙare, ya karɓe guduma daga hannun wani ma'aikaci don ya nuna masa sau ɗaya tak. Ga fensir a bayan kunne, ga garin katako har gira.

"Baba, a nan kake aiki?" ta tambaye shi.

"Zama nake yi, ranki ya daɗe. Takardata ta ce in zauna, ba ta faɗi wurin ba."

"Gudumar fa?"

Ya dubi gudumar kamar yau ya fara ganinta. "Faɗuwa za ta yi na tare."

Jami'ar ta karɓi fasfonsa ta duba. Baba bai damu da kansa ba, Auta yake tunani. Ya ce, "Ranki ya daɗe, 'yata ba ta sani ba. Ta hana ni, har cokulan gidan ta kulle. Laifin hannuwan nan ne."

Ta daɗe tana rubutu. Can ta ce wannan karon gargaɗi ne, na biyu kuwa jirgin komawa gida ne. Sannan ta juya ga Mai Jari ta ce akwai bizar ƙwararru masu koyar da sana'a, ba ta da iyakar shekaru, in shago ya nema. "Da tun farko ta wannan ƙofar kuka bi, da ba a sa tsoho ya yi mini ƙarya ba."

Wata biyu aka yi ana cike fom. Makarantar da ya baro ta aiko da shaidar aikinsa, hatimi ya sauka, Baba Kafinta ya zama ma'aikaci yana da shekara sittin da takwas. Sabuwar takardar ta ce ƙarfe takwas zuwa huɗu, kwana biyar a mako. Makon farko har waƙa yake yi a matakala. A na uku ya gano yana da ciwon baya, ya fara mitar cewa ƙasar nan ba ta tausayin tsofaffi.

Har yanzu yana can, ya yaye ma'aikata shida, kuma ba ya barin kowa ya gama kujera bai zauna a kai ba. Inna kuwa ta riƙe bizarta ta 'yan fansho, tana bin doka sau da ƙafa. In ya dawo da yamma ya ce a ɗora masa ruwan shayi, sai ta gyara kwanciya a doguwar kujera ta ce, "Malam, ka rufa mini asiri. Kai ne mai izinin aiki a gidan nan."