Ranar da Na Kwance Gwaggwarona a Riyad

Ko da zan manta lambar iƙamata, wato takardar izinin zama, da sunan layin da na zauna, akwai wata Asabar a Riyad da ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna ta sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai.

A lokacin ina shekara ta uku da zuwa Saudiyya aikin nas. Ina zaune a wani tsohon bene a Ulaisha, ɗaki da falo, motar asibiti ta ɗauke mu da safe ta dawo da mu da yamma. Duk wanda ya san ni ya san ni da kwalliya. Tun ina ƙarama a Gusau nake satar kwallin mahaifiyata, in shafa jan baki in goge kafin Baba ya shigo. Ina son lalle, ina son humra, ina son takalmi mai tsini ko da zai ci mini ƙafa. Abin da ba a sani ba shi ne, tun da na yi wayo zuciyata mata take so. Na daɗe ina ganin abubuwan nan biyu ba sa zama a jikin mutum ɗaya. A makarantar koyon jinya na san wasu 'yan mata biyu masu irin halina, su kuwa wando da hula suke so, tafiyarsu ma ta samari ce. Ranar da na yi ƙarfin hali na gaya wa ɗayarsu sirrina, dariya ta yi ta ce, "Ke? Da wannan jan bakin? Ke dai zauna ki jira mijinki." Sauran jama'a kuma kallon amaryar gobe suke yi mini. Sai na koyi yin shiru.

A Riyad na haɗu da wadda nake so. Bahaushiya ce, amma a nan aka haife ta, kakanninta ne suka zo aikin hajji suka zauna. Gyaran gashi take yi a wani shagon mata a Gubaira. Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausarta kuwa a karkace, takan ce wa tsoho mai gemu "ke" ba ta ma san ta yi ba. Ita da take yi wa mata ado duk yini, ko hoda ba ta shafawa. Zan kira ta Habibti, wato masoyiyata da Larabci, don haka muke kiran juna. Kitso na je yi, sai ga ni na koma sau huɗu a wata guda, har ta ajiye mataji ta ce, "Gashinki lafiya lau yake. Faɗi abin da ya kawo ki." A idon duniya ƙawaye ne mu. Mun san ƙasar da muke ciki, mun san in magana ta fita aiki ya tafi, iƙama ta tafi, wataƙila ma abin ya fi haka, labari kuma ya riga ni isa gida.

A ɗakin da nake aiki akwai wata nas 'yar Filifin da ta girme ni, muna ce mata Ate, wato yaya a yarensu. Kafin ta koyi jinya ta yi shekaru tana wasa a dandamali a ƙasarsu. Ita kaɗai ta gane tsakanina da Habibti ba tare da an gaya mata ba, kuma ba ta taɓa ɗaga maganar ba sai da murmushi. Da kwantiraginta ya ƙare za ta koma gida gaba ɗaya, ta ce ba ta son walimar kuka. Za ta kama istiraha, irin gidajen shaƙatawar nan masu katanga da ake haya a bayan gari, mata zalla, kowa ta fito ta yi wasa.

Wata rana a lokacin hutun cin abinci ta nuna mini wani bidiyo a wayarta. Mace ce a dandamali da manyan mafitai na gashin tsuntsu, tana cire safar hannu ɗaya, amma ta ɗauki kusan minti biyu tana ja wa 'yan kallo rai, suna ta ihu suna dariya. Ate ta ce sunan wasan balesk.

Na rufe baki na ce, "Ate, tsirara za ki sa ni in yi?"

Ta ce, "Wa ya ce tsirara? Dubi fuskarta. Ita take zaɓar abin da za a gani da lokacin da za a gani. Ke kullum kina kwalliya kamar mai neman gafara. Ina so in ga kin yi ta kina alfahari, sau ɗaya kafin in tafi."

Maganar ta zauna mini. Da na gaya wa Habibti ta yi tsalle ta ce, "Yalla! Ni zan yi miki kiɗa." Na ce in dai zan yi, da kayanmu zan yi. Muka shiga kasuwar Batha muka yi ta yawo har muka samu ƙwarya biyu a shagon wani Basudane, da mafitan kaba masu launi. Telan unguwarmu ya ɗinka mini doguwar safar hannu ja da ta kai gwiwar hannu, yana ta tambaya ko sanyi nake ji. Mako uku muka yi muna gwaji a falona duk ranar da ba ni da aiki. Habibti ta kifa ƙwarya a bahon ruwa tana bugawa da ludayi, kiɗan yana fitowa rabi na gida rabi na Larabawa. Ate tana zaune a kan kujera da biro a hannu kamar malamar makaranta, tana cewa, "A hankali! Kina cire safar nan kamar kin gama wanke ciwo!" Ban taɓa dariya irin ta makonnin nan ba. Ƙarshen wasan ni na tsara shi da kaina: zan kwance gwaggwarona, in jefa wa Habibti bakinsa, in jawo ta tsakiyar fili mu yi rawa. Ate ta ce yawancin mata wasa za su ɗauka, wadda ta gane kuma ta gane.

Ranar ta zo. Muka isa bayan azahar, rana tana dukan katanga, ciki kuwa sanyin na'ura da ƙamshin turaren wuta. Mata kusan talatin, 'yan Filifin da 'yan Indiya da 'yan Sudan da mu 'yan Najeriya. A bakin ƙofa aka karɓe wayar kowa aka zuba a kwando, kamar yadda ake yi a bikin matan ƙasar. Aka ci shinkafar kabsa, aka sha gahawa da dabino. Wata ta yi waƙa, wasu biyu suka kwaikwayi likitocinmu har muka riƙe ciki. Bayan la'asar Ate ta tafa hannu ta ce saura ni.

Na fito cikin baƙar abaya da niƙabi, ina tafiya a sunkuye kamar mai tsoron inuwarta. Habibti ta fara buga ƙwarya a hankali. Na zagaya fili, na tsaya, na ɗaga niƙabin kaɗan na leƙo da ido ɗaya na mayar. Aka fashe da dariya. Na zare niƙabin da abayar, sai ga farin kayan aiki. Na shiga kwaikwayon zagayen safe na asibiti, ina gwada zafin jikin 'yan kallo da mafici, ina girgiza kai kamar ciwon ya yi tsanani. Sannan kiɗa ya canza. Na ɓalle maɓallan farar rigar ɗaya bayan ɗaya, na juya baya na bar ta ta sulale ƙasa. A ciki doguwar rigar leshi ce ruwan zinariya da ta kama jikina, jigida a kanta tana ƙara, ga jar safa, ga gwaggwaro da ya kusa taɓa fanka. Ɗakin ya ɗauki ihu. Na kama bakin safar da haƙori na fara ja, ɗan yatsa ɗaya, in tsaya in harare su, ɗan yatsa na biyu. Da ta fita, lallen da Habibti ta zana mini har gwiwar hannu ya bayyana. Wallahi a lokacin ji na yi kamar tun da aka haife ni ban taɓa tsayawa da tsawona ba sai ranar.

Ina juyowa don in fara kwance gwaggwaro, sai idona ya faɗa a kan Anti.

Anti ita ce babbar nas a cikinmu Hausawa, ta fi shekara ashirin a ƙasar. Mutuniyar Gusau ce, ta san gidanmu, kuma duk hutun da ta je sai ta kai wa mahaifiyata saƙona hannu da hannu. Mace ce mai carbi da kame fuska. Ta ce mana ba za ta zo ba tana da baƙi, ashe ta shigo ina ɗakin shiri. Ga ta a kujerar gaba, jaka a cinya, tana kallona ba ta ko ƙifta ido.

Hannuna ya tsaya a kan ɗaurin. Habibti ta ga abin da na gani, kiɗan ya yi rauni. Zan iya kwance gwaggwaron in yi gaisuwa in koma ciki, babu wanda zai san an rage wani abu. Na dubi Habibti. Ta ɗan girgiza kai, tana nufin in bari, ba komai. Wannan girgiza kan ne ya tsaya mini a rai. Shekara biyu yarinyar nan tana tafiya a bayana a kasuwa, tana sakin hannuna in mun hango wani, ba ta taɓa ƙorafi ba.

Na zare allurar ɗaurin. Na fara juyawa, yadin yana warwarewa yana bin iska, gashina ya zubo. Na dunƙule bakinsa na jefa mata. Ta cafe, ludayi ya faɗa cikin ruwa. Na jawo ta a hankali har tsakiyar fili, wata 'yar Sudan ta yi wuf ta karɓi kiɗan. Muka yi rawa, ni da takalmi mai tsini, ita da silifas, yadin yana tsakaninmu, tana dariya hawaye na zubo mata. Ban taɓa kallonta haka a gaban mutane ba. Mata suka miƙe suna tafi, Ate tana ihu da yarensu, kafin ka ce me fili ya cika.

Da aka lafa ana shan shayi, Anti ta yafito ni. Na je na durƙusa gefenta.

"Anti, ina wuni. Ban san kin zo ba."

"Na ga alama," ta ce. Ta kurɓi shayi. "Wa ya ɗaura miki gwaggwaron nan?"

"Ita ce, Anti."

Ta dubi Habibti da take can tana tattara ƙwarya, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "Ni ba yarinya ba ce. Na ga abin da na gani."

Na sunkuyar da kai.

"Ba zan ce miki na gane ba, ba kuma zan ce miki abin ya kwanta mini ba. Tsakaninki da Ubangijinki ne. Amma shekara uku ina ganinki a wurin aiki kamar wadda aka yi wa rasuwa, na ɗauka kewar gida ce. Yau ne na fara ganin haƙoranki." Ta ajiye kofin. "Tana kula da ke?"

"Tana yi, Anti."

"To. Bakina ba zai kai wannan gida ba, ba zai kai shi asibiti ba. Ku dai ku kula da kanku, kun san inda kuke. Tashi, kina ɓata leshi a ƙasa."

Na tashi. Har na juya ta kira ni ta ce, "Kuma ki gaya mata kiɗan ƙwarya ba haka ake yinsa ba. Miƙo mini ludayin nan."

Abin da ban taɓa zato ba ke nan. Anti ta naɗe hannun riga ta zauna gaban bahon ruwa, ta buga kiɗan ƙwarya na gaske, irin wanda na rabu da ji tun bikin yayata. Ta rangaɗa guɗa har 'yan Indiya suka toshe kunne. Habibti ta tsuguna kusa da ita tana koyo, ta ce mata, "Anti, kai gwani ne!" Anti ta ce, "Ke, ake cewa, 'yar nema!" Muka yi ta rawa har aka kira magariba, kowa ta ɗauki abayarta da wayarta muka fito kamar ba mu ba.

Anti ta cika alkawari har ta yi ritaya. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma duk sallah in ta aiko mini da tuwo, kwano biyu take aikowa. Ate ta koma ƙasarsu bayan kwana huɗu. Ni da Habibti muna nan tare, muna ci gaba da taka-tsantsan yadda muka saba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba sai na rage son ado ba kafin soyayyata ta zama gaskiya, ba kuma sai na daina son wadda nake so ba kafin in zama cikakkiyar mace. Duka biyun ni ce. Na kuma koyi kada in yanke wa mutum hukunci da tsorona, domin wadda na fi jin tsoro a ɗakin nan ita ce ta rufa mini asiri, ta kuma buga mini kiɗa.