Kwalbar da Alhaji ya hana ni

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da shanun huɗata suka sha guba a Damaga. Shekaru sun ja, amma wallahi in na tuna har yau sai na ji jinina ya hau.

Farkon damina ne. Bijimai biyu gare ni, da su nake huɗar gonata da ta mutane in ciyar da gida. Da hantsi na kai su tabki suka sha, kafin azahar ɗaya ya faɗi yana kumfa, ya mace. Na biyun ya durƙushe yana rawar jiki. Wana ya ce da safe ya ga Alhaji, maƙwabcinmu na gona, yana wanke famfon feshinsa a bakin tabkin nan.

Na kira malamin dabbobi daga Maradun. Ya duba ya ce, "Wanga yana iya tashi. Amma maganin ƙwari daban, na ciyawa daban. Kawo min kwalbar in san allurar da za ni yi mai."

Na ruga gidan Alhaji. Sa'an mahaifina ne, don haka na durƙusa na gaishe shi tsaf. Na ce, "Baba, ba ƙara ni kawo ba. Kwalbar maganin kawai nika so, ko a ceci na biyun."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wace kwalba? Yaro, kiyayi bakinka." Sai ya ɗaga hannuwa, da ƙarfi don na kusa su ji: "Ya Allah, ina neman tsarinka daga sharrin abin da na aikata." Ya shafa, ya koma jan carbinsa.

Kai jama'a! Shi ake tsarewa? Sharrin aikinsa ga shi can kwance a ƙofar gidana yana shure-shure, shi kuwa tsoronsa kada a ce ya biya. Na roƙa har muryata ta dushe, ko gezau. Malamin ya yi allura bisa ƙiyasi, ba ta kama ba.

Da la'asar wani mahauci da ke kai nama kasuwar Mafara ya iso, wuƙa a kugu. Ya ja ni gefe ya ce, "Bari in yanka tun da sauran rai. Ka rage asara, wa zai sani?" Na tsaya ina kallon bijimin, ina tuna bakunan da ke jirana cikin gida. Sai addu'ar nan da Alhaji ya yi ta zo bakina, na yi ta a hankali, na ce wa mahaucin ya kama hanya. Kafin magariba bijimin ya mace, ni da wana muka haƙa rami mai zurfi muka binne su biyun.

Alhaji har jaje ya zo mini, babu kunya. A ranar na gane cewa addu'ar nan ba mafakar mai ɓoye laifi ba ce. In da gaske kake roƙo, sharrin da hannunka ke iya tarewa sai ka tashi ka tare. Daminar nan da fartanya na yi noma har tafukana suka fashe, amma ba ɗan kowa da ya ci naman nan.