Ƙwaryar da Rago Ya Taka

Matata Hajiya, Allah Ya jiƙanta, ba ta iya yin komai shiru ba. In tana tankaɗe waƙa take, in tana daka sai ta yafito maƙwabta a yi lugude. Ni kuwa Allah bai ba ni kunnen kiɗa ba. Ta sha yi mini tsiya wai da kalangu da faɗuwar kwano duk ɗaya ne a wurina, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Tana da wata ƙwarya da ta gada wurin mahaifiyarta a Barkiya, baƙa, ta sha hannu har tana sheƙi. Ba a zuba mata abinci, ba a awo da ita. In ana biki a garinmu Karofi, ita ake kifawa kan ruwa a baho, matata ta zauna da 'yan sanduna biyu, mata su kewaye ta. Da ita za ta yi kiɗan bikin 'yarmu ta fari, wata guda tana shirya waƙoƙi.

Ana jibi biki ta fita gayyar dangi. Ragon biki ya ishe ni da kuka, na shiga ɗaki na rarumo ƙwaryar da hannuna ya kai, na kwaɓa masa dusa. Ya cinye tas, ya ɗora ƙafa, ƙwas! Sai da na ga baƙin bayan nan ya rabe biyu na gane abin da na aikata.

Na cusa ta a buhu, na haye babur sai kasuwar Dutsin-Ma. Na tsuguna wurin masu ƙorai, in ɗauki wannan in ƙwanƙwasa, in kara kunne kamar yadda nake ganin matata tana yi. Duk ɗaya nake ji! Wata tsohuwa mai sayar da nono ta gaji da kallona ta ce, "Malam, mi kake biɗa haka?" Na buɗe mata buhu, ta riƙe baki.

"Wagga ba a sayen irinta. Tafi Kurfi, akwai tsoho mai ɗinkin ƙwarya kusa da 'yan hatsi."

Ban san lokacin da na isa Kurfi ba, hulata ma a hanya na bar ta. Tsohon ya gasa basilla a wuta, yana hudawa yana ɗinkewa, ni ina tsaye a kansa kamar mai jiran haihuwa. Ya liƙe ɗinkin da ƙaro, ya miƙo mini. "Za ta zauna bisa ruwa," in ji shi, "amma muryarta ban yi maka alkawari ba."

A gida na tarar matata ta dawo, ta birkice ɗaki tana nema. Na ajiye ƙwaryar a gabanta, na zayyana mata komai har da dusar. Ta jawo baho. Ta ɗebo ruwa, ta kifa, ta buga. Sai ga wata ƙara tana bin kowane bugu, zirr, zirr. Idonta ya cika da hawaye, ni kuma na ce a raina shi ke nan, ba a ɓari a kwashe duka. Ta sake bugawa, ta sake, ta karkata kai tana saurare. Can sai ta tuntsire da dariya.

"Malam, ka sa ƙwaryar Inna mura. To da murar za ni kaɗa ta, kuma sai ka ji a jikinka!"

Na kuwa ji. Ranar biki ta fito da sabuwar waƙa a kan maigidan da ya shayar da rago a ƙwaryar gado, mata na amshi suna guɗa, maza a zaure suna dukan cinyata. Shekara da shekaru yara suna ce mini mai dusa. Amma tun ranar, ko ƙorai goma ake kaɗawa a bayan katanga, ina jin zirr ɗin nan na san matata ce. Sau da yawa nakan tsaya da babur a bakin hanya, ƙirjina cike da alfahari.

Bayan rasuwarta ƙwaryar ta daɗe a rataye, ba na son ko kallonta. Bara aka yi bikin jikarmu. Ina zaure da baƙi ana rabon goro, sai daga cikin gida na ji zirr, zirr. Ashe 'yarmu ce ta sauko da ita. Na miƙe zumbur, na kutsa cikin taron mata ba takalmi, ina cewa, "Ku ba ni hanya, Hajiya ce ke kiɗa!"